Huɗun Da Na Tsallake A Kayenka

Zuwa ga aminina Shaibu na Tabotaki, duk inda kake a ƙasar Allah.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ne Asumana, wanda kuka raba benci da shi a makarantar lise ta Madawa. Ba ni da lambarka, ba ni da adireshinka. Tun da ka haye Libiya labarinka ya yanke, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Lissafi nake koyarwa yanzu a Buza. E, ni ɗin nan, yi dariyarka. Idan an tashi lakwal nakan zauna ni kaɗai a aji, don ba ni da wanda zan yi gardamar lissafi da shi a garin nan. Kewarka na damuna ƙwarai.

Ka tuna ajinmu na ƙarshe, da Mushe, malamin lissafi, ya shiga da mu darasin antegral masu sinis da kosinis? Littafi ɗaya ne tak, nasa, yana rubutawa a tablo muna kwafewa. Kai kake hango hanya kafin kowa. Sai ka karkata kai ka ce, "Wanga a rage mishi ƙarfi, wancan a canza mishi riga." Ni ina bayanka ina ta haɗa gumi, kuma wallahi haushinka nake ji.

Da Babanku ya kwanta ciwo ka tafi gida cirar albasa, ka bar mini kayenka, littafin rubutunka, in kwafe maka aikin mako. A ciki akwai wani mai sauƙi: antegral na rasin kare, wato tushen murabba'i, na 4 − 4sin²x. A fitar da huɗu waje, abin da ya rage kosinis ne, shi ke nan. Da ka dawo ka ce ya gagare ka, sai daɗi ya kama ni. Na ce maka layi biyu ne, ko ɗan aji ɗaya zai yi. Na ƙi nuna maka nawa, kai kuma girman kai ya hana ka tambayar Mushe.

Sati uku kana fama da shi a gindin iccen bedin lakwal. Ranar da ka rufe kayen ka ce, "Kaina ya ƙare, Asumana. Ban iya wanga, ina ni ina jarrabawar bak?" Na san ba shi kaɗai ya kore ka ba, rumbunku ma babu hatsi a shekarar. Amma da wannan maganar a bakinka ka hau mota.

Watan jiya na je gaida Innarku, ta buɗe akwati ta miƙo mini kayen. Na ga rubutun hannuna, Shaibu. 4 − sin²x na rubuta maka. Na tsallake huɗu na biyu.

Sai da na zauna a ƙasa. Wanda na ba ka ba na aji ba ne sam. Irinsa ne ke fitowa idan ana son auna kewayen da'ira mai siffar ƙwai, kuma masana sun tabbatar ba a iya rubuta amsarsa da sinis ko logaritim ko wani abin da muka sani. Ni ma sai a jami'a a Yamai na koyi haka. Mu kuwa mun taso da imanin cewa duk abin da aka rubuta a tablo yana da amsa a bayan littafin Mushe.

Na bi shafukanka ɗaya bayan ɗaya. Ka gwada tanjan na rabin kusurwa, ka gwada rabawa kashi biyu, ka canza masa riga har sau nawa, yana dawo maka yadda yake. A shafin ƙarshe ka zana lanƙwasasshen layin lissafin, ka yanyanka ƙarƙashinsa siriri-siriri kamar fangalin albasa, ka tara faɗinsu. Haka ake yi masa, Shaibu, haka manya ke yi! Kai kuma ka ja masa jan biro ka rubuta, "Wanga ba amsa ba ne."

Yanzu nakan rubuta antegral ɗin biyu gefe da gefe a tablo, in ce wa ɗalibaina su duba da kyau kafin su zargi kansu. Ban taɓa gaya musu inda na samo ba, kunya nake ji.

Inna ta tambaye ni me ka rubuta a ciki da ya sa ni hawaye. Na ce mata ɗanta ya fi mu duka.

Ba kanka ne ya ƙare ba, ɗan'uwana, hannuna ne ya yi tsallake, bakina kuma ya ƙara. Ka yafe mini don Allah.

Idan kana raye, Allah ya tsare ka, ya maido ka Inna ta gan ka da idonta. Idan kuma ka riga mu, Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka. Amin.

Kayenka na wurina. Ban cike huɗun ba, ina jira ka zo ka gani da kanka.

Naka har kullum,
Asumana, daga Buza.