Bazazzagin da Ya Tuƙa Mana Keke

Assalamu alaikum, Sadisu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan Allah Ya sa kana kwance cikin rahamarSa. Ni ne Auwalu, Bakanonka. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake, amma maganar nan ta shekara biyu tana cina, kuma da kai ya kamata in yi ta.

Ka tuna ɗakinmu na unguwar Najma a Doha? Mu shida, gado mai hawa biyu, kai a sama ni a ƙasa. Ranar da na sauka a Doha ka ji daga Kano nake, sai ka ɗaga hannu sama ka ce, "Alhamdulillahi, Allah Ya kawo mini bawa har gida." Tun daga ranar ba mu ƙara yin maganar arziki ba. Ko shayi na miƙa maka, sai ka leƙa kofin ka ce Bakano ya rage madara zai sayar. Ni ma ban taɓa raga maka ba. Wasan Kanawa da Zage-zagi ne, mun gaje shi, kuma shi ya riƙe ni a watannin da kewar gida ta kusa mayar da ni.

Garba ɗan Yawuri ne ya jawo mana tseren. A kogi ya tashi, aikinsa kuma tsaron masu wanka a tafkin wani otal. Shi ya zo da labarin cewa Turawa da wasu ma'aikata suna yin tsere mai kashi uku, iyo a teku, sai keke, sai gudu, kuma mutum uku za su iya rabawa. Garba ya ɗauki ruwa. Kai mai gadi ne, ka ce ƙafafunka sun gaji da tsayuwa, ka sayo tsohon keke a kasuwar gwanjo. Ni direba da nake wuni a zaune aka bar wa gudu. Akwai wata 'yar roba mai ƙirga lokaci da ake ɗaurawa a idon sawu, wanda ya gama nasa sai na gaba ya kwance ta ya ɗaura.

Duk Juma'a bayan asuba muna kan hanyar Al Wukair, lokacin babu komai a can sai rairayi da manyan motoci. Ina gudu ina haki, kai kuwa kana kewaya ni da keke kana cewa, "Yalla Bakano, ɗauka kasuwa ce za ta tashi ba ka sayar ba!"

A tserenmu na farko mutum biyu kawai muka wuce. Muka ci shinkafa da kaza ranar kamar mu muka ɗauki kofi. Ka ce mini abin da ya fi yi maka daɗi shi ne a wurin nan babu mai tambayar wane ne kafil ɗinka, wato ubangidan da ya kawo ka ƙasar, sunanka ake kira a tafa maka.

To, ga abin da ban taɓa rubutawa ba.

Ranar Laraba, saura kwana biyu tserenmu na huɗu, ka dawo daga aiki ba ka hau gadonka ba, ka zauna a bakin nawa. Ka dafe ƙirji ka ce, "Auwalu, ƙirjina ya kwana biyu yana yi mini nauyi. Anya zan iya Juma'ar nan?" Auwalu ka ce, sunan da ba ka taɓa kirana da shi ba. Ɗaki cike yake da mutane. Ni kuwa baki ya riga hankali, na ce, "Jama'a ku ji, Zage-zagi an hango rana an fara ciwo. In tsoro ne ka faɗa, mu nemo ɗan Kano ya hau." Aka kwashe da dariya. Garba ya ce a leƙa asibiti tukuna, na katse shi na ce ragwanci ba ya da allura. Kai ma ka yi dariya ka ce, "Khalas, shi ke nan, zan hau, ko don in kunyata ka."

Na san abin da na yi, Sadisu. Abokin wasa ba ya ja da baya a gaban abokin wasansa cikin mutane. Ka zo mini da maganar gaske sau ɗaya tak a zamanmu, ni kuma na mayar da ita wasa, na toshe maka hanyar fita.

Ranar Juma'a iska ba ta motsi, tun safe riga ke mannewa a jiki. Garba ya fito daga teku, ka tafi. Ka daɗe fiye da yadda ka saba, ina tsaye ina tsuma ina shirya baƙar maganar da zan faɗa maka. Ka iso, na karɓi robar, na zura da gudu. Ban taɓa yin gudu mai kyau irin na ranar ba. Na ƙetare layi ina waige-waige in ga inda kuke, babu kai babu Garba, sai wata mata cikin masu shirya tseren ta kama hannuna ta ja ni gefe. Ashe ko kwanar farko ban sha ba ka faɗi. Kafin a hau sallar Juma'a ka cika.

Ni da Garba muka saka ka a kabari, nan Doha. Na sayi katin waya na kira Inna, mahaifiyarka, na ce ciwo ne na farat ɗaya, ajali ya zo. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi rabona a ciki ba. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa kowace albarka kamar ana ɗora mini dutse.

Garba bai ƙara shiga tsere ba, kuma bai taɓa tuna mini maganar Laraba ba. Da ma ya zage ni. Ni ma na ajiye takalman.

Bana da na samu hutu na kai wa Inna jakarka gidanku a Tudun Wada. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Na kasa sha. Na durƙusa na faɗa mata komai, har kalmomin da na yi amfani da su. Da na gama ta ce, "Ɗan nan, wasan Bakano da Bazazzagi ba ku kuka fara shi ba. Kwana ne ya ƙare. Na yafe maka, shi ma na san ya yafe."

Na ɗauka an gama. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Abu ɗaya nake so. Kai ne na ƙarshe da ya taɓa shi yana tsaye. Yaya fuskarsa take? Yana cikin wahala, ko yana dariyar nan tasa?"

Sadisu, da ka iso durƙusawa na yi na kwance robar daga ƙafarka. Na ga safarka ta jiƙe, na ga ƙafar tana rawa. Na ji ka ce wani abu a saman kaina, hayaniya ta hana ni ji, sauri kuma ya hana ni tambaya. Ban ɗaga kai ba. Na so in ce mata kana dariya, wallahi na so, amma na gaji da rabin gaskiya. Na ce, "Inna, ban duba ba."

Ta gyaɗa kai, ta jawo jakar ta rungume, ba ta ƙara tambayata komai ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya zuciyar Inna. Allah Ya yafe mini, Ya haɗa mu a Aljanna, in dube ka da kyau, ka maimaita mini abin da ka ce.

Naka har kullum,
Auwalu