Bakin Ruriko, Numfashin Misuzu

Zuwa ga Misuzu, sanyin idona, furen tuffa na Aomori, mai muryar da ta hana ni sakat,

Naotaka ne, mai zanen bakin Ruriko. Kin san rabon aikinmu: ni in zana bakin, ke ki zuba masa murya. Tun da aka fara fim ɗin zanen nan mai dogon zango Ruriko take yawo a gidan attajirin ubanta, 'yan aiki na bin ta da shayi, saurayi na bin ta da ido. Ni kuwa ina ɗakin hayata a Suginami, wanda in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, ina buɗe mata baki ina rufewa.

Ranar da na fara leƙa ɗakin ɗaukar murya na ga abin da ke ba ki wahala. Ke sai kin ja numfashi kafin kowace magana, irin na mutanen arewa da sanyi ya koya wa tattalin kalma. Baki ya buɗe a allo, ba ki shirya ba. A sake, a kuma sake, kina ta sunkuyawa kina ba kowa haƙuri. Daga ranar nake ƙara wasu fallayen zane, Ruriko ta ɗan yi shiru kafin ta tanka. Darakta Kuramochi ya ce, "Kai, 'yar masu kuɗin nan asma gare ta ne?" Na ce masa 'ya'yan manya ba sa gaggawar magana. Yau masu kallo shirun nan suke yabo, wai kamun kai.

Kin tuna shagon taliyar nan na ƙarƙashin gadar jirgi, ranar da ruwa ya tsare mu? Kika ce duk Tokyo Ruriko ce kaɗai ke jiran ki. Na kurɓi romo ya ƙona min harshe. Haba Misuzu! Yaushe takarda ta iya jira?

Yanzu na ji ran Juma'a za ki ɗauki muryar kashi na ƙarshe ki koma gida, ciwon baya ya kwantar da mahaifinki, ga gona ba mai dubawa. Ba zan ce ki zauna ba. Cewa nake ki tafi da ni. Teburi da fensir ko'ina suna aiki. Ban taɓa tsinkar tuffa ba, amma hannuna ba ya rawa, kuma ina son ki, son da ya fi ƙarfin bakina.

A fitowar ƙarshe, kafin Ruriko ta amsa wa saurayin, na bar shiru mai tsawo, har Darakta Kuramochi ya yi jifa da hula. Naki ne. Ki ja numfashinki a natse. In kin ɗaga ido cikinsa, ina tsaye bayan gilashin ɗakin ɗaukar murya.

Naki, yau da gobe, mai jira,
Naotaka