Gaisuwa Ta Cinye Mini Minti Uku

Malama Amina, don Allah ki taimake ni. Ni ɗan Maska ne, shekarata bakwai ina dakon masara a wani kamfanin abincin kaji a Ibadan. Na gaji, wallahi. Yanzu suna neman wanda za su tura Funtua ya riƙa saya musu masara, wato gida ke nan, amma sai wanda zai iya ba da rahoto da Turanci ta waya.

Ina zuwa ajin manya bayan la'asar, a rubutu ba ni da laifi. Da an ce in buɗe baki, harshe ya yi nauyi. A firamare duk kuskure bulala ne, har yau ina jin haushin Malam Isah, ko da yake mu ɗari ne a ajinsa, shi kaɗai.

Ran Litinin manaja, dattijuwa ce, ta ba kowa minti uku. Ni ba a koya mini faɗa wa babba da magana haka kawai ba. Na tambaye ta kwana, da gajiya, da maigida, da yara, da damina. Ina kan jikoki lokaci ya ƙare. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in dawo ran Alhamis. Wasu sun yi mini ba'a, amma fa ni ma na dara. In koma ko in haƙura?

Ɗan Maska a Ibadan

Malam, ka sa ni dariya, kuma ina taya ka murna. Minti uku cur ka yi kana Turanci a gaban manaja, harshen bai maƙale ba, domin kana faɗin abin da ka saba. Wanda ba a so ba a ce masa ya dawo.

Sai dai ita ma tana da gaskiya, rahoto take nema. Gaisuwa biyu ta isa, ladabinka bai ragu ba. Daga nan ka shiga masara: yadda kake cizon ƙwaya ka gane ta bushe, yadda kake gane buhun da ƙwari suka shiga. Kullum ka faɗa wa abokin ajinka wannan da ƙarfi, in ka yi kuskure ka wuce, kada ka tsaya ba da haƙuri. Ka kuma gaya mata cewa manomin Malumfashi ba ya kwance buhu ga wanda bai gaishe shi ba.

Ka koma ran Alhamis. Allah Ya sa kakar bana ta same ka a gida.