Guntun Fatar Baban Mashkura

Anti Fadima, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle kuma ba ni da wanda zan zauna in faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce firamare ba sai islamiyya.

Mijina, Baban Mashkura, ya rasu wata biyar ke nan. Direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya har ya yi ritaya. Da shi aka taso daga Ikko lokacin da gwamnati ta dawo Abuja, ina amarya ya ɗauko ni daga Funtuwa ya kawo ni Kubwa. 'Ya ɗaya Allah ya raya mana, Mashkura, tana aure a Sakkwato. Shekara talatin da ɗoriya muna tare, tun da ta yi aure kuma ni da shi ne kawai a gidan.

Ciwon ya fara ne da wani tabo fari-fari a cinyarsa da ƙugunsa. Muka ce ƙyasbi ne, mai kemis ya ce makero. Shekara shida ina shafa masa mai, wannan ya ƙare a sayo wancan, har da man kaɗanya, har da ganyen darbejiya a ruwan wanka. Ga ƙaiƙayi, Anti. Mutumin nan mai kunya sai da ya kai yana goga bayansa a jikin ƙyaure. Kullum da safe in na kakkaɓe zanin gado sai in ga ɓawon fatarsa kamar dusa.

Da tabon ya yi kauri ya fara fashewa muka je babban asibiti. Wata likitar fata, Dakta Sumayyah, ta yanki ɗan guntu a bayansa, bai kai ƙwayar wake ba. Bayan sati uku ta ce kansa ce, wai limfoma ta fata. Ta zana mana a bayan katinsa. Ta ce a jikin kowa akwai wasu ƙwayoyi masu gadi kamar sojoji, suna zagaya fata, suna aika wa juna saƙo in sun ga baƙon abu. A jikinsa wasu daga cikinsu ne suka lalace, suka yi ta hayayyafa, suna aika saƙon ƙarya. Wani saƙon ya kira wasu su taru a fata, wani ya kwantar da masu lafiyar da ya kamata su yaƙe su, wani kuma ya taɓa jijiya, shi ne ƙaiƙayin. Baban Mashkura ya yi dariya ya ce ashe juyin mulki aka yi masa a jiki ba a sanar a rediyo ba. Har likitar sai da ta dara. Shekara biyu muka ƙara tare bayan nan.

Mutanen layinmu kuwa kuturta suka ce. A masallaci wasu suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ya fara zuwa a makare ya tsaya a ƙarshen sahu. Bayan rasuwa na wanke kaftanansa da hulunansa, na goge, na aika gida-gida sadaka yadda aka saba. Kowa ya ce Allah ya ba da lada, amma duk aka dawo min da su. Suna nan cikin akwati. Tun da na fita takaba, ban da mai kawo ruwa ba wanda ya buga ƙofata.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Sati biyu da suka wuce Dakta Sumayyah ta kira ni. Ta ce ragowar guntun fatar nan yana ajiye a asibiti, a daskare cikin kaki irin na kyandir. Ita da wasu likitoci suna son su yi bincike a kan irin saƙonnin da ƙwayoyin nan suke aikawa, musamman a jikin baƙar fata, don a riƙa gane ciwon da wuri. Sai in na sa hannu a takarda za su taɓa nasa, kuma tana son amsa kafin ƙarshen wata.

Na faɗa wa Mashkura, ita kuma ta faɗa wa wan babanta, Yaya Maliki. Ya kira ni daga Funtuwa da faɗa. Ya ce ashe ba a binne ɗan'uwansa duka ba ni kuma na yi shiru. Ya ce in karɓo naman a naɗe shi a farin ƙyalle a kai kusa da kabarinsa. In kuwa na bari aka ci gaba da yanka shi, to ba shi ba ni. Anti, a dangin mijina shi kaɗai ne ke kirana ran Juma'a ya ji lafiyata.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ba don taimakon mutane kaɗai nake so in sa hannu ba. Ranar da likitar ta ambaci sunansa a waya, sai na ji kamar yana kwance a asibitin zan kai masa kunu. Muddin guntun nan yana can, akwai wanda zai kira ni saboda shi. In aka binne, shi ke nan. Kuma ina tsoron binciken ya nuna man da na shekara shida ina shafa masa ne ya haukata ƙwayoyin. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, in sani ko kar in sani. Me zan yi?

Taki,
Wadda aka bari a Kubwa


'Yar'uwa, wa'alaikis salam. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ciwon da ya sha ya zame masa kaffara.

Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba. Na tambayi wani likitan fata kafin in amsa miki. Wannan ciwo ba kuturta ba ne, ba a ɗaukarsa ta musabaha ko tufafi ko kwano. Ba man shafawarki ne ya kawo shi ba, tabon ma ai ya riga man zuwa. Ciwo ne mai ɓad da kama, su kansu likitoci kan yi shekaru suna ɗaukarsa wani abu daban. Abin da kika yi a shekaru shidan nan sunansa jinya, kuma kin yi ta da hannunki lokacin da wasu ke janye nasu.

Kada ki ɗauki Yaya Maliki a matsayin abokin gaba. Yana nesa ƙaninsa ya yi ta fama, yanzu kuma an ce masa wani abu na jikinsa yana hannun mutanen da bai sani ba. Mutunta mamaci yake nema, kuma addininmu ne ya koya masa haka. Sai dai ina zaton abin da yake gani a ransa ya fi abin da ke asibitin girma. Ba gawa aka taɓa ba. Maigidanki da ransa da hankalinsa ya yarda aka yanki guntun don neman magani, kuma abin da masu bincike ke yankowa daga ciki ya fi ɓawon albasa siranta.

Ni ba malama ba ce, ba zan yanke hukuncin shari'a ba. Ki koma wajen likitar da tambayoyinki a rubuce. Za a ɓoye sunansa? Nawa za a ɗiba? Za a iya ba ki ragowar ki binne? In kin sauya ra'ayi, kina da damar janyewa? Ƙarshen wata nasu ne, ba naki ba. In kina buƙatar ƙarin lokaci ki faɗa mata. Da amsoshin a hannu, ki shiga mota a tashar Jabi ki je Funtuwa da kanki. Maganar da ta lalace a waya, a kan tabarma ake gyara ta. Ki ce masa shi ne babba, ya zaɓi malamin da ya yarda da iliminsa, ku je tare, a kira likitar ta yi wa malamin bayani da bakinta.

In kin tambayi ra'ayina, ina ganin alheri a sa hannun. Akwai wata mata yanzu haka tana shafa wa mijinta maganin makero a kan abin da ba makero ba ne. Amma ki gyara niyya tukuna. Guntun nan ba zai riƙe miki shi ba. Bincike zai ƙare, wayar likita za ta yi shiru, ki tashi da sabon rashi. In kuma bayan kin ji ta bakin malami zuciyarki ta fi natsuwa da binnewa, ki binne, ba ki ci amanar kowa ba.

Kaɗaicin nan shi ma ciwo ne, kuma yana son magani nasa daban. Ki roƙi limamin layinku ya faɗa wa jama'a gaskiyar ciwon bayan salla, ya fara karɓar hula ɗaya daga cikin na marigayin a gabansu. Ki koma islamiyya ko sau biyu a mako. Ki je ki yi wa Mashkura wata guda, ita ma uba ta rasa. Sannan ki tambayi Dakta Sumayyah ko akwai mai jinyar irin wannan ciwo da ke neman wadda za ta yi magana da ita. Abin da kika koya a shekara takwas babu shi a littafin likita.

Ki yi istihara, sannan ki kama hanyar Funtuwa kafin ki ɗauki biro. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninki da Yaya Maliki, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Anti Fadima