Kujerar Tashlih

Yaya Dela,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, kada ki tayar mata da hankali.

Ran Asabar Abduljalil, ɗan kafilina (maigidan da ya kawo ni aiki ƙasar nan), zai fara shiga filin tseren mota. Na sauya birki da tayoyi. Amma uban, tsohon marowaci, ya kwaso kujerar gefe daga tashlih, inda ake jibge motocin haɗari. Kullum sai na kwance bel ɗinta, da safe in tarar an ɗaure, kujerar da ɗumi kamar da mutum zaune a kanta. Da na yi wa uban magana ya ce, "Halas, zance ya ƙare, Mato! Ɗan koyo ba ya shiga shi kaɗai, nan za ka zauna." Iƙamata kuwa, takardar izinin zamana, tana hannunsa.

Inna ta sa ni a addu'a. Ban san a cinyar wa zan zauna ba.

Ƙaninki,
Mato