Duwatsu Masu Kai Magana

Tiripoli, Afrilu 1996

Zuwa ga 'yata Argiro,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ke da mijinki da yara kuna lafiya a Melbon. Mu ma lafiya lau, in ban da gwiwata da ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa.

Takardun tafiya da kika aiko sun iso. Uwarki ta ajiye su ƙarƙashin hoton Maryamu, har ta fara raba wa maƙwabta tukwanenta. Ni dai ina nan kan bakana: ba zan je Ostareliya ba. Wanzamin da ya tsufa a ƙofar shagonsa, me zai kai shi ƙasar da ko zagi bai iya da yarensu ba? Ita ta tafi, ni zan dinga aiko muku da labarin wanda ya mutu.

Yanzu kuma ta ɓullo da sabuwa. Wai sai mun hau jirgin ƙasa mun je mun ga kufan biranen mutanen zamanin da, kada jikokinta su tambaye ta ta ji kunya. Na ce, "Stamatiya, duwatsu ne fa. Ga su nan birjik a gonarmu." Ta ce, "Na gonarka wa ya taso daga Japan don ya gani? Nemo hularka." Ni da na bar makaranta a aji uku, abin da na sani game da tsohon sarkin Mikines, ɗaya daga kufan da za mu je, shi ne matarsa ce ta gama da shi a wurin wanka. Tun da aka fara maganar nan nake sa wa banɗaki sakata.

Ki shafa mini kan yara.

Ubanki, Lambros

Melbon, Mayu 1996

Baba,

Ina gaishe ku da fatan alheri, mijina da yara ma suna gaisuwa.

Don Allah ka kai Mama duk inda ta ce, ka rage mata zolaya. Kada ka bari ta hau matakala masu yawa, kuma kai ne za ka riƙe jaka, ba ita ba. Na san halinka.

Batun zuwanka, ba zan daina roƙo ba. Mun gyara ɗakin ƙasa, tagarsa tana kallon bishiyar lemon tsami. A unguwarmu akwai tsofaffi 'yan gida da ke shan kofi suna zagin gwamnati da yarenka, ba za ka rasa abokan gardama ba. Ba kowane dalili ake iya rubutawa a takarda ba, Baba. Ka zo kawai.

Allah ya tsare hanya.

'Yarka, Argiro

Nafplio, Mayu 1996

Argiro,

Gaisuwa daga bakin teku, inda ubanki ya zama ɗan yawon buɗe ido da tsufansa.

Jirgin ƙasan nan bai canza ba. Yana tafiya kamar wanda aka aika karɓo duka, kina iya sauka ki tsinki lemo ki dawo ki tarar bai wuce ba. Shi muka hau ranar da muka raka ki tashar jirgin ruwa, kina sanye da rigar nan mai ruwan toka da ta yi miki yawa. A wancan karon da muka ratsa ta Mikines, babu wanda ya ɗaga kai ya dubi tudun da kufan yake. Uwarki tana kuka, ni kuma ina ɓare miki ƙwai, har na ɓare fiye da wanda mutum zai iya ci. Wannan karon ita ta zauna gefen taga tana kiran sunan kowace tasha kamar tana sallama da dangi.

Mun ga ƙofar Mikines mai zakunan dutse. Babu kai a jikinsu ko ɗaya. Na ce wannan wanzamin ya fi ni saurin hannu. Ta ce in rufe baki, Jamusawa suna kallonmu.

Jiya muka shiga mota zuwa Epidavros, wurin dandalin wasan kwaikwayon nan na zamanin da mai kama da ƙaton akushi. Mai yi wa baƙi bayani ya ce in an ƙyasta ashana a tsakiya, wanda ke can ƙoli zai ji. Uwarki ta ce, "Ƙarya ce, tsoho. Kai da ko a gefenka nake ba ka jin kira?" Na bi umarninki na bar ta a ƙasa, na hau ina haki don in ƙaryata mutumin.

Kafin in kai sama baƙin sun watse. Na juyo na hango ta 'yar mitsitsiya, ta zauna daf da tsakiyar tana kwance igiyar takalmi. Kin san ta, in tana hutawa sai ta kama hira da Maryamu ƙasa-ƙasa kamar maƙwabciya. Argiro, kamar a kunnena take faɗa. Ta ce, "Uwa, ba ni son barin nan, kin sani. Amma likita ya faɗi abin da ya faɗa. Ki ba ni lokaci in miƙa wawan nan hannun 'yarsa tukuna. Ko ƙwai bai iya dafawa ba."

Na daɗe a zaune a kan dutsen. Da na sauko ta ce, "To, ka ji wani abu?" Na ce, "Iska kawai. Kin yi gaskiya, ƙarya suke yi."

Wane likita? Tun yaushe kika sani?

Ubanki

Melbon, Yuni 1996

Baba,

Ina gaishe ka. Ka yafe mini. Tun daminar da ta wuce na sani, ciwon zuciya ne. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba, ta ce in ka ji za ka daina ban dariya, ita kuma ba za ta iya zama da kai a haka ba. Akwai likitoci a nan, amma ba su yi alkawarin komai ba.

Me ka yanke?

Argiro

Tiripoli, Yuni 1996

'Yata,

Gaisuwa. Muna tafe, mu biyu. Na ƙara mata gardamar 'yan kwanaki don kada ta gane, sannan na bari ta kayar da ni. Tana ta yi wa maƙwabta alfahari, kada ki ɓata mata.

Na ba Fotis maƙwabci makullin shago, aska dai tana cikin jakata. Na so in fara koyon dafa ƙwai a ɓoye, har na ɗora tukunya, sai na sauke. Muddin ban iya ba, ba ta gama aikinta ba.

Sai mun iso.

Ubanki, Lambros