Ba Tukunyata Ba Ce, Gasasshiyar Kaza Ce

Zuwa ga Yayarmu abar ƙauna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma ƙafar nan da kika ce tana kumbura miki idan kin yini a tsaye? Allah Ya kawo sauƙi, Ya ƙara miki ƙarfin jiki. Mu nan duk muna lafiya. Babbar 'yarki ta fara zuwa koyon ɗinki, har ta ɗinka mini rigar da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na kuma sa abata na fita da ita don kada ranta ya ɓaci. Auta ta gama jarrabawa, tana gida tana cika mana kunne da surutu.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni, alhali kowane mako muna gaisawa a waya. To, a waya ƙaninki yana zaune kusa da ni, kin kuma san kunnensa, ko raɗa aka yi a ɗakin girki yana ji daga falo. Maganar da zan yi miki kuwa shi ne ya ce kada in kuskura in faɗa miki. Na yi kwana biyu ina juya ta a raina, na ga ba zan iya yin shiru ba. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Kin tuna wata uku da suka wuce, lokacin da kamfanin bas ɗinsu ya yi wa direbobi gwajin lafiya na shekara. Ya gaya miki jininsa ya ɗan hau, amma bai gaya miki sauran ba. Likitan kamfani ya ba shi wata uku cif. In jinin ya sauka, a sabunta masa takardar tuƙi. In bai sauka ba, a sauke shi daga kan sitiyari, a mayar da shi tsakar gareji yana nuna wa motoci inda za su tsaya. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana jan doguwar bas, ko madubin wani bai taɓa gogewa ba! Ranar da ya dawo da labarin, ya fi rabin awa zaune a bakin gado da hularsa ta aiki a kan gwiwa. Ni kaina ban taɓa ganinsa haka ba.

A ranar ne ya kira ki, kika ce masa ya bar duk wani abu soyayye, ya riƙe gasasshe. Ina jin muryarki daga inda nake, kina cewa ke ma shekara biyu ke nan kullum da rana sanwicin gasasshiyar kaza, wato naman kaza a tsakiyar burodi, kike ci a shagon da ke kusa da wurin aikinki, kuma shi ne abin da ya fi lafiya a duk abin da suke sayarwa. Ni kuma na kama nawa ɓangaren a gida. Na ɗauke gwangwanin gishiri na ɗora a can saman kabad, na daina sa dunƙule a miya. Na ce ba zan yi tukunya biyu ba, kowa ya ci abin da uban gida yake ci. Yaya, mun sha wuya! Makon farko Auta ta ce abincina kamar mutum yana tauna tsumma, babbar kuwa ta riƙa ɓoye yaji a aljihu. Sannu a hankali muka saba, har muka fara jin zaƙin albasa da tumatir da ba mu taɓa lura da shi ba. Shi kaɗai ne bai saba ba. Kullum da yamma yana cusa abincin yana ɓata fuska, ina cewa a raina wannan mutum akwai tsiya, don shi ake yi amma shi ne kan gaba wajen ƙorafi.

Kowace Asabar muna zuwa kantin magani na bakin titi a auna shi. Tumbin ya ragu kam, har ya ƙara huda bel ɗinsa sau biyu da ƙusa. Amma jinin nan ya kafe a inda yake, wani makon ma ya ƙara hawa. Mai kantin ya yi ta ce masa ya je asibiti a rubuta masa ƙwaya, shi kuwa ya ce a'a, Yayarsa ta riga ta ba shi magani. A mako na takwas, muna dawowa daga awo, ya tsaya a ƙofar ɗakin girki yana kallon saman kabad, ya tambaye ni a hankali wai ko ina ɗan barbaɗa gishiri a tukunya saboda yara. Wallahi Yaya maganar nan ta ƙona mini rai. Ni da na hana kaina da 'ya'yana daɗin baki saboda shi, ni zai zarga? Na ce masa ya ɗauki gwangwanin ya tafi da shi gareji ya kulle a akwatinsa. Muka yi kwana uku sai gaisuwa kawai. A ɓoye kuma na fara zargin kaina, ina tunanin ko man da nake sawa ne, ko wani abu nake yi ba daidai ba.

Ranar Laraba ta mako na tara ya manta tabaransa na karatu a kan tebur, kuma ba ya iya cike takardar tafiya ba tare da shi ba. Sai na hau mota na kai masa tashar da suke hutawa. Wani abokin aikinsa ya nuna mini shagon da ke tsallaken titi, irin mai gilashi daga sama har ƙasa da kujeru ja da aka ɗaure a ƙasa, da hotunan abinci suna haske a saman kanta. Na hango shi a kusurwa shi kaɗai, da irin sanwicin nan naki a gabansa. Na ɗan tsaya ina kallonsa kafin ya gan ni. Ya buɗe burodin, ya zare ganyen latas ya ajiye a gefen takarda, ya matse farar miyar nan mai maiƙo har ƙunshi biyu a kan naman. Yana gutsura yana runtse ido, yana bi da ruwa, kamar yaro da maganin zazzaɓi. Da ya gan ni sai ya washe baki, ya manta ma muna faɗa, ya ɗaga abin yana nuna mini layin wuta a jikin naman, wai in gani da idona, gasasshe ne, ba ɗigon man suya. Ya ce biyu yake ci a rana, ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar, bai taɓa fashi ba tun ranar da kika faɗa.

Na ce ya sam mini in ɗanɗana. Yaya, loma ɗaya na yi, na ji kamar an zuba mini gishiri da cokali a kan harshe. Sai da hawaye ya zo mini. Harshena ya yi mako tara yana hutawa, ba abin da zai ɓoye masa. Nasa kuwa bai huta ko yini ɗaya ba, shi ya sa yake jin wannan daidai, nawa girkin kuma salam. Na ce masa ga ɓarawon nan da muke nema a tukunyata. Ya ce in daina wasa, ina gishiri a nan, shi bai taɓa ganin an barbaɗa ba.

Na tashi na je wurin matar da ke gasa naman a bayan kanta, wata dattijuwa mai fara'a da raga a kanta. Ta san shi sarai, Baba Direba take ce masa. Na tambaye ta ko za a iya gasa masa ba gishiri. Ta yi murmushi ta ce ita ba ta sa ko ƙwaya ɗaya, naman ne yake zuwa musu a leda, an riga an jiƙa shi a ruwan gishiri tun daga inda ake kawo shi, don ya yi laushi kada ya bushe a wuta. Ta ce burodin ma da nasa gishirin da ɗan sukari, farar miyar kuma ta fi su duka. Ta nuna mini wata takarda a bango kusa da wurin wanke hannu, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Na miƙa masa tabaran da na kawo, ya sa, ya karanta da kansa. A lissafin shagon, sanwici ɗaya yana ɗauke da kusan rabin gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini, ban da ƙarin miyar da yake matsawa. Matar ta ce ta daɗe tana tausayinsa, don ta lura ba ya jin daɗin abin, amma ta ɗauka likita ne ya sa shi.

Ya daɗe a tsaye gaban takardar nan. Da muka fito bakin titi ya ce mini, cikin ƙaramar murya, shi fa tun ranar farko bai so abin ba, naman yana tsaya masa a wuya, shi ya sa yake ƙara miya don ya wuce. Na ce to me ya hana shi bari? Ya ce Yaya ce ta ce ya ci. Ya ce tun yana ɗan shekara bakwai da Inna ta rasu, duk abin da kika ajiye a gabansa ci yake yi, bai taɓa tambayar me ke ciki ba, kuma bai taɓa cutuwa ba. Bai ce mini in yi haƙuri da zargin da ya yi mini ba, kin san halinsa. Sai dai ya raka ni har mota, ya riƙe mini jaka, ya tsaya har muka tashi. Ni kuma duk fushin ya bar ni, tausayinsa ya kama ni.

Kada ki ce na zo in ce shawararki banza ce. Ba haka ba ne. Gasasshiyar ta fi soyayyar ƙarancin maiƙo, naman yana riƙe ciki, ga tumbi ya tafi, numfashinsa ya daidaita a kan matakala. Ga mai lafiya da yunwa ta kama a hanya, sau ɗaya a wani lokaci, ba laifi. Amma ga mai hawan jini, kullum sau biyu, ba abinci ba ne.

Mako uku suka rage mana. Na fara dafa masa kaza a gida da tafarnuwa da citta da lemon tsami, in sa masa a kwano da kayan lambu ya tafi da shi. Na kuma tasa shi gaba har asibiti, aka rubuta masa ƙwayar da ya yi ta gudu, likitan ya yi masa faɗa son ransa. Shekaranjiya aka yi gwajin kamfani. Na raka shi, na zauna a benci a waje ina jan carbi. Sau uku likitan ya auna shi, yana sa shi ya huta a tsakani. Da ya fito ban iya karanta fuskarsa ba, sai da na ga ya ciro hular daga aljihu ya kafa a kai. An sabunta masa takardar tuƙin ta wata shida, sannan a sake dubawa. Alhamdu lillahi.

A hanyarmu ta dawowa ne ya ce kada in gaya miki zancen gishirin. Ya ce zai kira ki ya ce shawararki ce ta cece shi, don kada ki ji kamar kin cuce shi. Na ce to. Amma ina ta tuna muryarki a waya, shekara biyu kullum da rana, da ƙafar nan da ke kumbura. Shi ma ya tuna, na sani, domin jiya sau biyu ya ɗauki waya ya ajiye. Ba zai iya buɗe baki ya ce wa Yayarsa ta yi kuskure ba, ko da za a ɗora masa wuƙa a wuya.

Ki gaishe mini da maigidanki Mai Gilashi, da Dogo da amaryarsa, da 'Yan Biyu, da Gwaggo Ƙarama in kun haɗu. Yara suna gaishe ki ƙwarai, babbar ta ce ki aiko da awonki.

Idan ya kira yana yi miki godiya, ki karɓa, kada ki nuna kin san komai. Amma don Allah Yaya, gobe kafin ki sayi abincin rana, ki sa tabarau ki nemi takardar nan a bangon shagonku, sannan ki je a auna jininki. Sitiyarin ya dawo hannunsa, amma ke kaɗai kika rage masa a duniya da yake kira Yaya.

Taki ƙanwa har kullum,
Matar ƙaninki